Mai Jinya Ma Yana Buƙatar Abin Riƙewa: Ni Da 'Yan Tankokina A Dogo Tebo



Akwai wata tambaya da kowane Bahaushe ya iya ta tun yana yaro, wato "ya mai jiki?" Da ita ake shiga gidan da ake jinya, da ita ake fita. A amsa da "da sauƙi" ko da kuwa likita ya riga ya girgiza kai, a ajiye ledar lemo da ayaba, a yi addu'a a tashi. Al'ada ce mai kyau ƙwarai, kuma a iya zaman da na yi a ƙasar waje ban ga inda ake dubiya kamar yadda ake yi a garuruwanmu ba. Sai dai a kowane irin wannan gida akwai wani mutum da iyakar rabonsa a cikin gaisuwar shi ne "sannu da ɗawainiya." Shi ne mai juya mara lafiya, shi ne mai wanki da shanya, shi ne mai kwana a zaune. Ba kasafai ake tambayarsa me yake yi da kansa tsakanin ƙarfe ɗaya na dare zuwa kiran assalatu ba. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, mai jinya yana da haƙƙin ya samu wani ɗan aikin hannu da zai riƙe masa hankali, ko da aikin ba ya kawo ko sisi, kuma bai kamata mu yi masa dariya ko mu zarge shi a kan haka ba.

Dalilin da ya sa maganar ta dame ni shi ne, na bar zaman Ingila na dawo gidanmu da ke Dogo Tebo a garin Potiskum saboda Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. A cikin kayana akwai wasu kwalaye na 'yan ƙananan tankokin yaƙi na roba waɗanda ake harhaɗawa da hannu, abin da na koya a can. Tsawon jinyar, da kuma bayan Allah Ya karɓi abinsa, su nake haɗawa da dare. Na ji maganganu iri-iri. Wasu suka ce ƙato da gemu yana wasan yara, Turai ta juya masa kai. Wasu suka ce lokacin da ya kamata a yi ta addu'a ne nake ɓatawa. Wasu kuma, waɗanda maganarsu ta fi yi mini nauyi, suka ce a duk abubuwan duniya a rasa me za a ƙera a Potiskum sai tankar yaƙi? Zan ɗauki maganganun nan uku ɗaya bayan ɗaya, amma bari na fara bayyana wa mai karatu yadda abin yake, domin da yawa ba su taɓa gani ba.

Idan ka buɗe kwalin ba tanka za ka tarar ba. 'Yan gutsattsarin roba ne, sau da yawa sama da ɗari biyu, manne a jikin wasu firam-firam, kowanne da lambarsa, sai takardar da ke nuna wane ke shiga cikin wane. Wani yanki bai kai ƙwayar shinkafa ba, sai da hantsaki ake ɗaukarsa. Ka yanke shi da reza, ka goge bakin da samfefa mai laushi, ka gwada shi a mazauninsa ba tare da gam ba, in ya zauna daidai sannan ka ɗiga gam. Bayan an gama haɗi sai fenti, bayan fenti sai a tsufar da ita, wato a sa mata ƙura da tsatsa da tabon mai domin ta yi kama da wadda ta yi tafiya. Ni dai ƙurar da nake amfani da ita ta ƙofar gidanmu ce, nake tankaɗe ta da tsohon rariya.

Ma'aunin da aka fi yi shi ne 1/35, ma'ana kowane abu an rage shi sau 35. Tankar T-55 ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wadda rundunar sojan Najeriya ma ta mallaka, nauyinta ya kai tan 36, tsawon jikinta kuma ya ɗan haura mita 6 ban da bakin bindigar. A kan teburina ba ta wuce santimita 18 ba, tana zama a tafin hannu. Namiji mai matsakaicin tsawo idan aka rage shi haka, santimita 5 zai koma. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ne ya yaɗa wannan ma'auni a farkon shekarun 1960, kuma asalinsa abin dariya ne: sun yi wata tankar Jamus mai suna Panther daidai girman da zai ɗauki batura biyu a cikinta, da aka auna sai aka ga ta faɗo 1/35, shi ke nan aka ɗore a kai. Shi kansa sunan "tanka" ɗan'uwan tankin ruwan da muka sani ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko Turawan Ingila sun ɓoye sirrin abin da suke ƙerawa ta hanyar cewa tankunan ruwa ne, har ranar 15 ga Satumba 1916 da suka fara fito da su a fagen daga na Somme a Faransa, sunan kuma ya bi su har yau.

To me ya haɗa wannan da jinya? Wanda ya yi jinyar mai shanyewar jiki ya san cewa wahalar rana daban, ta dare daban. Da rana akwai mutane, akwai zirga-zirgar asibiti, wani lokaci har a ɗauki hanyar Azare zuwa Kano neman babban likita. Da dare kuwa kai kaɗai ne da numfashin mara lafiya. Dole a riƙa juya shi bayan kowane sa'o'i biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, saboda haka barci mai nauyi ba naka ba ne. Ka ɗauki littafi, ka karanta shafi guda sau uku ba ka san me ya ce ba. Ka ɗauki waya, ta kai ka ga labarin mutuwa da hotunan haɗari, ko ka shiga intanet kana binciken ciwon, ka fito da tsoron da ya fi wanda ka shiga da shi. A nan ne shaiɗan ke samun fili: da an kai shi asibiti da wuri, da ban yi nisa ba, da kaza da kaza.

Aikin hannu irin wannan ya dace da irin wannan dare ta fuskoki uku. Na farko, yana cin ido da yatsu amma ya bar kunne a buɗe, ko tari mara lafiya ya yi ka ji. Na biyu, ana iya ajiye shi nan take, ba abin da zai ƙone ko ya lalace in ka tashi ka dawo bayan awa guda. Na uku kuma, wanda ya fi muhimmanci a wurina, abu ne da ake gamawa. A jinyar ciwon da ba ya warkewa babu abin da kake gamawa. Ka wanke, gobe ka sake wankewa. Ka ba da magani, jiki na ƙara ja da baya. Ƙoƙarinka duka yana tafiya kamar ruwan da aka zuba a rairayi. Amma in ka manna tayoyi biyar a daren yau, gobe za ka tarar da su biyar ɗin suna nan. Wani zai ga ƙaramin abu ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Yanzu ga masu cewa wasan yara ne. Na yarda daga yarinta ya samo asali, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ba? A feɗe karan dawa, ɓawon ya zama ƙusa, tsokar cikin ta zama jikin mota. Ko motar langa-langa, ko ta waya mai dogon sitiyari da ake turawa ana gudu, a yanka tsohon silifas a yi taya, gwangwanin kifi ya zama bodi. Yaron Potiskum kuwa, da yake garin manyan motoci ne, tirela yake ƙerawa har da wurin kwanan ƙaren mota. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke kashe wannan baiwa da zarar yaro ya fara tasawa, mu ce ya girma ya daina shirme. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, da zanen motoci ya fara yana yaro, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, shi ne ya zana motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007. A irin waɗannan kamfanoni sai an fara sassaƙa mota da yumɓu kafin a kai ga ƙarfe, kuma manya masu furfura ke yi. A shekarar 2007 ɗin dai jaridun duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur. Da an hana su "shirme" da ba mu ji sunansu ba.

Amma ba ina cewa ne duk mai haɗa 'yar tanka zai zama injiniya ba, ni kaina ban zama ba. Ga inda gizo ke saƙar: mu a wurinmu ba a ganin mutuncin aikin hannu sai in yana kawo kuɗi. Dattijo ya zauna a bakin gadon ɗan'uwansa da allura da zare yana ɗinkin hula, ba mai cewa uffan, sai ma a yaba. Mutanen Bama da aka raba da garinsu a watan Satumba na 2014 sun ci gaba da ɗinkin hula a sansanonin gudun hijira na Maiduguri. Ba shakka abinci suke nema da ita, amma duk wanda ya taɓa riƙe allura ya san cewa ƙirga zare yana hana zuciya komawa inda ba ta son komawa. Wannan amfani na biyu yana nan ko an sayar da hular ko ba a sayar ba. Hausawa da kansu suka ce da zaman banza gara aikin kishiya, kuma aikin kishiya ai ba biya ake yi ba.

Ba mu kaɗai ba ne muka san wannan. Kusa da garin Peterborough a Ingila akwai wani wuri da ake kira Norman Cross, inda aka tsare dubban fursunonin yaƙi, mafi yawansu Faransawa, daga 1797 zuwa 1814 a zamanin Napoleon. Mutanen nan, da ba su san ranar komawa gida ba, sai suka riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sassaƙa 'yan ƙananan jiragen ruwa da su, har da igiyoyi da igwa. Suna sayar da wasu, wasu kuma suna nan har yau a gidan tarihi na garin. A Ingilar dai akwai wata ƙungiyar agaji mai suna Models for Heroes da ke raba irin kwalayen nan nawa ga tsofaffin sojojin da yaƙi ya taɓa wa lafiyar jiki ko ta ƙwaƙwalwa, su zauna tare suna haɗawa. Mutumin da ya shiga tanka ta gaske shi ake ba ta roba don ya samu natsuwa.

Sai masu maganar addu'a, kuma na san da kyakkyawar niyya suke yi. Babu mai musun cewa addu'a da karatun Alƙur'ani su ne gaba da komai a ɗakin mara lafiya. Amma dare na da tsawo, jinya kuma ta shekaru ce, ɗan Adam ba mala'ika ba ne. Malamanmu na yawan kawo ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya ƙara musu yarda, inda Salmanu ya hana ɗan'uwansa takura wa kansa da ibada dare da rana, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu. Sannan hannu ne ke aiki, harshe a sake yake, mutum na goge roba yana istigfari, ko ya kunna karatu a hankali su saurara tare da mara lafiya. Game da batun sura kuwa, tanka ba abu mai rai ba ce. 'Yan sojojin roba da ke zuwa a cikin wasu kwalayen ni dai a kwali nake barinsu, don in fita daga saɓanin malamai. Haƙuri da muke cewa maganin zaman duniya ba ya nufin mutum ya zauna ya zuba tagumi har hawan jini ya kama shi, a wayi gari masu jinya biyu ake nema a gida ɗaya.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata gaggawa ba. Potiskum ta ga abin da ta gani. A watan Mayu na 2012 aka kai hari kasuwar shanu, aka kashe mutane da dama, aka ƙona dukiya. A ranar 6 ga Yuli 2013 aka kashe ɗalibai a makarantar sakandaren Mamudo. A ranar 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a cikin gari, yara sama da 40 suka rasu. An yi dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa daga Mayun 2013, an katse layukan waya, an sha dokar hana fita da shingayen bincike. Ni ina can nesa ina jin labari ta rediyo da waya, waɗanda suka zauna a ciki su suka san ɗacinsa. Saboda haka idan wata uwa ta ga 'yar tanka a kan teburina gabanta ya faɗi, ba ni da bakin cewa ta yi kuskure. Shi ya sa ba na jera su a zaure, ba na fita da su, kuma ba na ƙera abin da ya yi kama da bindigar hannu wadda yaro zai ɗauka ya fita da ita titi ya jawo wa kansa fitina.

Duk da haka ga abin da nake so a duba. 'Yan'uwa da suka zauna a gari a waɗancan shekaru sun ba ni labarin cewa yaran unguwa da kansu suka koma ƙera motocin sulke da gwangwani maimakon tirela, ba wanda ya koya musu. Yaro abin da ya gani yake ƙerawa, kuma a ganina idan ya mayar da abin da ya firgita shi ƙarami har ya riƙe shi a hannu, ya rage masa girma a cikin zuciya. Ni ma da na daɗe ina haɗa su, ban ga sun ƙara mini sha'awar yaƙi ba. Wanda ya haɗa cikin T-55 ya ga ƙuncin wurin da mutum huɗu ke zama, ga harsasai jere a gefensu, ga ƙananan ƙofofin da za su fita in wuta ta kama, tausayin 'ya'yan mutane ne zai kama shi. Ko gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, inda aka ajiye motocin sulken da 'yan Biyafara suka ƙera a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, an yi shi ne don a gani a ɗauki darasi. Kuma wanda tanka ba ta kwanta masa ba, ya haɗa tirela, ko jirgin sama, ko fadar Sarkin Fika da kwali. Abin da nake karewa shi ne aikin, ba siffar ba.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ban ji an yi mini ita a fili ba amma na san ana yi. Gaskiya ne kwalayen nan daga waje suke zuwa, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 sun fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Duk wanda ya taɓa kuɗin magani ko na abincin gida ya sayi abin sha'awa ya yi zalunci, wannan babu ja. Amma ba dole sai da Tamiya ba. Da kwalayena suka ƙare, kayan gida na koma: kwalin magani ya zama jiki, murfin kwalba ya zama taya, tsohon tiyub na keke ya zama sarƙa, bututun biro ya zama bakin bindiga, ragowar fenti kuma na roƙo wurin masu fentin mota. Wadda na yi da waɗannan tarkace ta fi ba ni wahala, ta kuma fi shiga raina.

Abin da ba a cika faɗa wa mutum ba shi ne abin da ke biyo bayan rasuwa. Kwana uku na zaman makoki gida cike yake, ba ka da lokacin tunani. Daga nan a naɗe tabarmi, baƙi su koma garuruwansu. Sai ka tarar jikinka ya saba farkawa bayan kowane sa'o'i biyu, alhali babu wanda za a juya. Waɗannan sa'o'i sun fi na jinyar wuya. A lokacin ne na ga wani amfanin da ban zata ba. Ƙannena maza, waɗanda ba su taɓa zama mun yi maganar Baba ido da ido ba, sai su zo su zauna gefen tebur, wannan ya riƙe fitila, wancan ya ce a ba shi ya gwada fenti. Ido na kan roba, sai baki ya buɗe: ka tuna ranar da ya kai mu kasuwar shanu, ka tuna faɗan da ya yi mana a kan kaza. Mu maza an hore mu kada mu yi kuka a gaban mutane, amma in hannu na aiki magana na fita da kanta. Inna kuma, a tsawon wata huɗu da kwana goma na takaba, saƙar tabarmar hannu da faifai ta koma, abin da ta bari shekaru da yawa, ba wanda ya ce mata wasa take yi.

Saboda haka roƙona ga jama'a kaɗan ne. In ka je dubiya, bayan ka tambayi mai jiki, ka tambayi mai jinya yaushe rabonsa da barci, in da hali ka karɓe shi ko na dare ɗaya. In ka gan shi da wani ɗan abin da yake yi da hannunsa, ko saƙa, ko zane, ko gyaran tsohon rediyo, ko kiwon tantabaru, ko 'yar mota ta kwali, ka ƙyale shi, ba ka san daga me abin yake tsare shi ba. In kuma yaronka ya ƙera mota da gwangwani, kada ka taka ta, ka tambaye shi yadda ya yi tayar ta juya. Malaman firamare ma da za su dawo da darasin aikin hannu na gaske, a daina karɓar tsintsiyar kasuwa ko kuɗi a madadinsa, da an taimaki yara da abin da zai yi musu rana ko da ba su ci abinci da shi ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya jiƙan Baba da dukkan magabatanmu da waɗanda muka rasa a Potiskum da kewaye, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalam.